Na sayi jirgin ruwa na fasinja mai takardar shaida, ina so in canja rumfarsa in ƙara kujeru: shin takardar za ta ci gaba da aiki?

Sabon Mai Jirgi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar sufurin ruwa, musamman waɗanda suka san yadda ake duba jirage da ba su takardar shaidar lafiya. Wata biyu da suka wuce na sayi jirgin fasinja na ƙarfe, tsawonsa mita 14, mai injin dizal guda ɗaya, kuma ya zo da takardar da ta ba shi izinin ɗaukar mutum 40 a ruwa mai natsuwa da rana. Saura wata takwas wa'adin takardar ya cika.

Niyyata ita ce in cire rumfar tamfol da ke kansa, in sa a yi masa ta ƙarfe mai ƙwari wadda za a iya ɗora kayan fasinjoji a samanta, sannan in ƙara benci biyu a baya domin mutum goma. Wanda ya sayar mini ya ce in yi aikina hankali kwance, tun da takardar ba ta ƙare ba babu wanda zai tambaye ni, idan lokacin sabuntawa ya zo sai a nuna wa mai dubawa abin da aka yi. Maganar ba ta kwanta mini ba, domin rayukan mutane zan ɗauka, amma kuma ba na so in tsayar da jirgin wata da watanni ina jiran hukuma alhali da bashi na saye shi. Shin takardar tana bin jirgi ne ko tana bin mai shi? Irin wannan gyara yana buƙatar a sake dubawa kafin a yi shi? Kuma me ake dubawa a zahiri idan ranar ta zo?

Tsohon Mai Duba Jirage ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, ka yi daidai da ka tsaya ka tambaya kafin mai walda ya kunna wuta, domin da yawa sai an gama aiki suke zuwa, a lokacin kuwa babu abin da ya rage sai a ce su yanke abin da suka kashe kuɗi suka haɗa.

Takardar shaida bayani ce a kan jirgi kamar yadda yake a ranar da aka duba shi: nauyinsa, inda nauyin ya taru, yawan mutanen da zai ɗauka, irin ruwan da zai shiga, kayan ceto da na kashe gobara da ke cikinsa, da adadin ma'aikatan da dole su kasance a kansa. Ranar ƙarewa da ke rubuce a ƙasanta sharaɗi ɗaya ne kawai daga cikin sharuɗɗanta. Idan ka canja jirgin ta yadda bayanin ya daina dacewa da shi, takardar ta daina magana a kan jirginka, ko da saura wata takwas ko shekara uku. Wannan ƙa'ida tana rubuce a fili a babi na farko na yarjejeniyar SOLAS, wato yarjejeniyar duniya kan tsaron rayuka a teku, inda aka hana yin canji ga ginin jirgi ko injinansa ko kayan aikinsa bayan an duba shi sai da amincewar hukuma, kuma dokokin cikin gida na yawancin ƙasashe sun ɗauki wannan ka'ida kusan yadda take. Game da canjin mai jirgi kuwa, a wurare da dama wajibi ne ka sanar da hukumar da ta yi masa rajista domin a sa sunanka, wasu hukumomin ma sukan sake dubawa a lokacin. Ka tambayi taka kai tsaye, kada ka dogara da bakin wanda ya riga ya karɓi kuɗinsa.

Bari in tsaya a kan rumfar, domin ita ta fi tayar mini da hankali fiye da bencin. Jirgi yana komawa daidai bayan igiyar ruwa ta karkata shi ne saboda cibiyar nauyinsa tana ƙasa. Duk kilo ɗaya da ka ɗora a sama yana jawo wannan cibiya sama, kuma ƙarfin da ke mayar da jirgin tsaye yana raguwa. Rumfar ƙarfe nauyi ce a wuri mafi tsawo a jirgin, kayan da za a ɗora mata nauyi ne a kan nauyi, sannan faɗinta da tsayin kayan za su ba iska wurin turawa. Abin da ya sa wannan ya fi komai haɗari shi ne ba ya nuna alama: jirgin zai yi ta zirga-zirga lafiya watanni, sai dai mai lura zai ga yana jinkirin dawowa idan ya karkata, har ranar da juyawa mai kaifi da igiyar wani jirgi da motsin fasinjoji zuwa gefe ɗaya za su haɗu a daƙiƙa guda.

Akwai misalin da ya yi kama da naka ƙwarai. A ranar 2 ga Oktoba 2005 wani ƙaramin jirgin yawon buɗe ido mai suna Ethan Allen ya kife a tafkin George da ke jihar New York ta Amurka, ana cikin yanayi mai kyau, mutum 20 suka rasu. Yana ɗauke da fasinja 47, takardarsa kuma ta ba shi izinin 48, wato bai karya adadin da ke rubuce ba. Masu bincike sun gano cewa an canja masa rumfa a shekarun baya ba tare da an sake gwada daidaituwarsa, wato ƙarfinsa na komawa tsaye idan ya karkata, ba, kuma da aka yi lissafi a kan jirgin yadda yake a ranar hatsarin, sai aka ga mutum 14 kawai ya kamata ya ɗauka. Takardar tana aiki a idon doka, amma jirgin da take bayani a kansa ya daɗe da canjawa. Wani abin da binciken ya fito da shi shi ne nauyin da ake ƙiyasta wa kowane fasinja ya tsufa, mutane sun fi haka nauyi, kuma daga ƙarshen 2011 hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka ta ɗaga ƙiyasin zuwa fam 185, wato kusan kilo 84. Ƙa'idar daidaituwa ta Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya, IMO, tana lissafi da kilo 75 ga kowane mutum a mafi ƙaranci. Ko da wannan ƙaramin adadi, mutum goman da kake son ƙarawa kilo 750 ne, duk a bayan jirgi, ban da kayansu.

Saboda haka tsarin da ya dace shi ne ka samu injiniyan da ya san ƙirar jirage ya zana abin da kake so, ya ƙiyasta nauyinsa da tsayinsa, ka miƙa wa hukuma kafin a taɓa jirgin. Amsar na iya zama a yi rumfar da alminiyam mara nauyi kuma a hana ɗora kaya a kanta, ko a yarda da rumfar a rage fasinja, ko a ƙi gaba ɗaya. Ina faɗa maka tun yanzu domin ka shirya zuciyarka: a irin girman jirginka da wuya ka samu rumfa mai ɗaukar kaya da ƙarin mutum goma a lokaci guda.

Matuƙi Mai Shekara Ashirin a Ruwa ya amsa:

Yallaɓai ya gama magana a kan rumfa, ni zan amsa tambayarka ta uku daga ɓangaren wanda ake zuwa a duba. Ɗan'uwa, dubawa iri biyu ce, akwai wadda ake yi jirgi yana kan ruwa, akwai wadda sai an fitar da shi tudu. Ta biyun ita masu jirage suka fi gudu saboda kuɗin fitarwa da kwanakin da ba a aiki, ita ce kuma ta fi tona asiri. A jirgin ƙarfe za a kankare ƙasansa, a auna kaurin ƙarfen da na'ura a wurare da yawa, musamman ƙarƙashin inji da duk inda ruwa ke kwanciya a ciki, domin tsatsa ta fi ci daga ciki inda fenti ba ya nunawa. Za a duba layukan walda, sandar farfela da wurin da ta ratsa jikin jirgi, abin juya akala da ke ƙarƙashin ruwa, da kowane bawul da ruwa ke shiga ta cikinsa zuwa sanyaya inji. Bawul ɗaya da ya ƙi rufuwa ya isa ya nutsar da jirgi yana ɗaure a tasha. A manyan jiragen dakon kaya ƙa'idar duniya ita ce a duba ƙasan jirgi sau biyu cikin shekara biyar, kuma kada tazarar ta wuce wata 36. Ƙananan jiragen fasinja kowace ƙasa da nata wa'adi.

A kan ruwa kuwa, mai dubawa na kirki ba ya gamsuwa da ganin abu, sai ya ga yana aiki. Zai ce ka kunna famfon kwashe ruwa ya ga ruwa yana fita, ya ce ka gwada na hannu idan na lantarki ya mutu. Zai bi bututun mai daga tanki zuwa inji yana neman ɗigo, ya tambayi inda ake rufe mai daga wajen ɗakin inji idan wuta ta tashi. Zai duba wayoyin lantarki da yadda aka ɗaure batir, fitilun tafiya, ja a hagu kore a dama, ƙaho, anka da igiyarta, da rediyo, ya ji ko ka san tasha ta 16 ita ce ta kiran gaggawa. Tukwanen kashe gobara zai karanta ranar da aka yi musu sabis. Rigunan ceto zai ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ya ja maɗaurinsu, ya matsa su ya ji ko sun sha ruwa, ya tambayi na yara, domin rigar babba ba ta riƙe ƙaramin yaro, sulalewa yake yi ta ƙasa. Idan kana da kwale-kwalen ceto mai hura kansa, ana kai shi wurin sabis duk shekara, kuma maƙullinsa da ke sakin sa idan jirgi ya nutse yana da ranar ƙarewa.

Abin da ya taɓa kayar da ni, kuma na gode da aka kayar da ni, shi ne rigunan ceto. Adadinsu ya cika, duk sababbi, amma na kulle su cikin akwati a ƙarƙashin benci saboda ana ɗauke su. Mai dubawar ya ce in fito da su kamar jirgi yana nutsewa yanzu, ya tsaya yana kallon agogo, ni kuwa ina neman makulli a aljihu. Bai ɗaga murya ba, ya rubuta abin da ya gani, ya ce zai dawo. Tun daga ranar rigunan suna rataye a inda hannun wanda ke zaune zai kai. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ka riƙa yin wannan dubawa da kanka kowane mako kana rubutawa a littafi, ranar da hukuma ta zo ba za ka ga baƙon abu ba. Kada kuma ka manta cewa ana duba mutane kamar yadda ake duba ƙarfe: lasisin matuƙi, adadin ma'aikata, da ko sun san abin da za su yi idan mutum ya faɗa ruwa.

Ma'aikaciyar Inshora ta amsa:

Malam, ka ɗauko takardar inshorarka ka karanta sharuɗɗanta kafin komai. Yawancin yarjejeniyoyin inshorar jirage suna ɗora wa mai jirgi wajibcin riƙe takardar shaida mai aiki, da bin adadin fasinja da iyakar ruwan da aka rubuta, da sanar da kamfani duk wani muhimmin canji. Idan hatsari ya auku, abu na farko da mai binciken kamfani zai yi shi ne kwatanta jirgin da ke gabansa da zanen da aka amince da shi, kuma rumfar ƙarfe ba abu ne da ke ɓoyuwa ba. A irin wannan hali kamfani na iya ƙin biya, diyyar fasinjoji ta dawo kanka kai kaɗai, ga bashin da ka ambata. Wanda ya ba ka rancen ma yana da haƙƙin sani, tun da jirgin shi ne jinginarsa.

Ɗalibin Dokar Teku ya amsa:

Ina girmama bayanin Baba mai duba jirage, amma ina so in ƙara abu biyu domin kada mai tambaya ya fahimci cewa yarjejeniyar duniya ce ke mulkin jirginsa. SOLAS, wadda aka fara ƙullawa a 1914 bayan nutsewar Titanic a 1912, kuma wadda ake aiki da sigarta ta 1974 a yau, ta shafi jiragen da ke tafiya tsakanin ƙasashe ne: na fasinja, wato mai ɗaukar fiye da mutum 12, da na kaya masu girman tan 500 zuwa sama. Takardar jirgin fasinja a ƙarƙashinta wata 12 kawai take yi, ta jirgin kaya kuwa tana iya kai shekara biyar tare da dubawa a tsakani. Jirgin da ba ya barin ruwan ƙasarsa yana ƙarƙashin dokar ƙasar ne kaɗai, kuma a wannan ɓangare ne aka fi asarar rayuka, kamar kifewar jirgin Le Joola na Senegal a 2002 a kan hanyarsa daga Ziguinchor zuwa Dakar, inda fiye da mutum 1,800 suka mutu a jirgin da aka ƙera domin ƙasa da 600. Wannan giɓi ne ya sa IMO ta amince da ƙa'idojin koyi na jiragen fito na cikin gida a 2022, amma na koyi ne, sai ƙasa ta ga dama ta mayar da su doka.

Abu na biyu shi ne ina tsoron mu mayar da sake dubawa kamar ita ce ƙarshen magana. Jirgin Sewol na Koriya ta Kudu, wanda ya kife a ranar 16 ga Afrilu 2014 ya kashe mutum 304, yawancinsu ɗaliban sakandare, an ƙara masa ɗakuna a sama, kuma an sake duba shi bayan gyaran. Masu dubawar sun amince bisa sharaɗin a rage kayan da yake ɗauka zuwa tan 987 kuma a ƙara ruwan nauyi, wato ruwan da ake zubawa domin nauyin jirgi ya zauna ƙasa, a tankunan ƙasansa. A ranar hatsarin yana ɗauke da fiye da ninki biyu na wannan adadi, an rage ruwan nauyin domin layin lodi, wato alamar da ke gefen jirgi mai nuna iyakar nutsewarsa da kaya, ya nuna kamar komai daidai, kayan kuma ba a ɗaure su yadda ya kamata ba. Wato an bi matakin da muke ba mai tambaya shawara, sannan aka yi watsi da sharaɗin da ya fito daga matakin.

Tsohon Mai Duba Jirage ya sake amsawa:

Gyaranka daidai ne, ɗana, na kuma karɓa. Na kawo SOLAS ne domin nuna tushen ƙa'idar. Misalin Sewol ma ya ƙarfafa abin da nake nufi ta wata fuska da ban taɓo ba: layin lodi yana gaya maka jimillar nauyi, ba ya gaya maka inda nauyin yake. Wannan alama da ake zanawa a gefen jirgi ta samo asali ne daga gwagwarmayar Samuel Plimsoll a majalisar Birtaniya, wadda ta kai ga dokar 1876, kuma ta ceci rayuka masu yawa, amma jirgi biyu na iya nutsawa daidai kan layin, ɗaya nauyinsa a ƙasa yana tsaye daram, ɗayan nauyinsa a rumfa yana jiran ƙaramin dalili. Mai dubawa yana ganin jirgi rana ɗaya a shekara, sauran kwanakin mai jirgi da matuƙi ne ke riƙe da sharuɗɗan, kuma ban taɓa ganin wata hukuma da ke da ma'aikatan da za su tsaya a kowace tasha kullum ba.

Sabon Mai Jirgi ya dawo:

Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Na dakatar da mai walda, kuma na nemi ganin jami'in da ke kula da rajistar jirage domin a sa sunana a takardar. Da na bincika takardun da aka ba ni, ban ga wani rahoton gwajin daidaituwa ba, sai takardar shaidar kaɗai, kuma na lura da tabon walda a gefen jirgin wanda ke nuna an taɓa sauya wurin tankin mai. Yallaɓai, yaya ake yin wannan gwaji a ƙaramin jirgi irin nawa, kuma zan iya neman a yi shi ko da na fasa rumfar?

Tsohon Mai Duba Jirage ya amsa:

Za ka iya, kuma da wannan tabo da ka gani ina ba ka shawarar ka nema ko da ba ka ƙara ko ƙusa ɗaya ba, domin ba ka san ko adadin 40 ɗin an lissafa shi kafin a matsar da tankin ko bayansa ba. A manyan jirage ana yin gwajin karkatarwa, inda ake matsar da nauyi sananne daga gefe zuwa gefe ana auna karkatar da zare mai ɗauke da dalma, daga nan injiniya ya lissafa ainihin tsayin cibiyar nauyi. A ƙananan jirage hukumomi da yawa suna karɓar gwaji mai sauƙi. Ana ɗaure jirgin sako-sako a ruwa mai natsuwa ranar da babu iska, a kwashe duk ruwan da ya taru a ƙasansa, a ɗora buhunan yashi ko gangunan ruwa daidai nauyin cikakken adadin fasinja, a wuraren da za su zauna kuma a tsayin da ya dace, sannan a matsar da wani kaso zuwa gefe ɗaya kamar yadda mutane ke yi idan suka ga abin kallo ko suka firgita. Sai a auna kusurwar karkatar da kuma tazarar da ta rage tsakanin ruwa da bakin jirgi. Ƙa'idar IMO ba ta yarda karkatar da cunkoson fasinja ke jawowa ta wuce digiri 10 ba, dokar ƙananan jiragen fasinja ta Amurka kuma ta sa iyakar gwajinta mai sauƙi a digiri 14. Taka hukumar za ta gaya maka adadin da take bi.

Idan da ganguna za a yi, a cika su maƙil, domin ruwan da ke kai-komo a cikin gangar da ba ta cika ba yana gudu zuwa gefen da jirgi ya karkata ya ɓata awon, kuma wannan dalili ne ya sa ruwan da aka bari yana yawo a ƙasan jirgi ke rage masa daidaituwa a tafiya. Kada ka yi gwajin da mutane, kada kuma ka yi shi kai kaɗai ba tare da mai dubawa ba, domin sakamakon da ba a shaida ba hukuma ba za ta karɓa ba. Ka je da zanen rumfar alminiyam ɗin a ranar, a ɗora nauyin da ya yi daidai da ita a tsayin da za ta zauna, sai a gwada yanayi biyun a fita ɗaya, ka nemi kwafin rahoton ka ajiye shi tare da takardun jirgin.